Dariyar da Yaya Ta Zo Nema

Yayata ba ta kiran sunan 'yarta ta fari. Wanda bai san ƙasarmu ba kada ya yi saurin cewa rashin so ne, kunya ce. A Bukkuyum, inda aka haife mu, mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In ya faɗi ya fasa baki a tsakar gida sai ta kau da kai har wani ya zo ya ɗaga shi. Mun daɗe muna zaune da Fulani, har ba a san wanda ya koya wa wani ba. Mata da yawa sukan sassauta in ɗaki ya rage daga su sai ɗan. Yaya kam ba ta san sassauci ba. Ga shi abin ya zo mata biyu, don sunan Innarmu aka sa wa yarinyar. In ta kama dole ta yi maganarta, sai ta ce "waccan", ko kuma "ɗiyar mutane".

A Yargalma Yaya take aure. Da aka yaye yarinyar sai aka kawo ta wurin Inna kamar yadda aka saba, ta tashi a gabanmu. Kakarta take kira Inna. Uwar da ta haife ta kuwa Yaya take ce mata, don haka ta ji ina faɗa. Ni ne autan gidan, ni ne Kawu, kuma ni ne jakinta, don ba ta yarda ta taka ƙasa in dai ina kusa. Yarinya ce mai surutun tsiya. Tun asuba bakinta yake buɗewa, in babu mutum ta yi da kaji.

Lokacin na dawo daga koyon kwamfuta a Gusau, babu aikin fari bare na baƙi, sai yawo da wata wayar Caina mai layi biyu da lasifika kamar ta masallaci. Duk abin da na ji sai na ɗauka: kukan jaki, tallar fura, faɗan maƙwabta. Inna ta ce wayar nan za ta sa a yi mini duka wata rana. Wani hantsi Inna na daka, yarinyar na zaune kan ƙafata tana yi wa akuyarmu wata waƙa da ta ƙirƙira, marar kai marar gindi. Shekararta huɗu ko ƙasa da haka. Na danna wayar ba ta sani ba. Da ta gama na ce mata, "Gobe za ni Yargalma. Ki gaishe da Yaya nan ciki, in kai mata."

Ta kama wayar da hannu biyu, ta kafa baki ta ce, "Yaya! Yaya!" Sai ta yi shiru, ta kara a kunne tana jira, don ta ga yadda manya ke yi. Shirun ya ɗan yi tsawo, ba a jin komai sai taɓaryar Inna. Sannan ta ce, "Kawu, ba ta amsa ba." Nan abin ya ƙare. Har da waƙar akuyar duka bai wuce minti biyu ba.

Washegari na kai saƙo. Na sami Yaya da surukarta a tsakar gida, na ce ga gaisuwa daga Bukkuyum. Tana jin farkon muryar ta ce in ɗauke mata wannan shirme, ta tashi ta shige madafa. Surukar ce ta saurara har ƙarshe tana kaɗa kai.

Ba a daɗe ba ciwon ƙafa ya kwantar da Inna. Uban yarinyar ya ce a mayar da ita wurinsu har Inna ta sami sauƙi. Ni na ɗauke ta a mashin, tana gabana tana ba ni umarni. Shekarar ce zinari ya fashe a wannan yankin. Maza su haƙo dutse a daji su kawo gida cikin buhuna, a fasa, mata su daka a turmin da ake dakan hatsi, a kai inji a niƙa, a wanke, a shanya a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Garin dutsen yana hawa kan tuwo, yana hawa kan tabarma. Babu wanda ya san akwai dalma a cikinsa. Yara suka fara amai da ciwon ciki, daga nan sai jijjiga. Aka ce zazzaɓin sauro ne, aka ce iska ce, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Kafin likitoci su zo su gano gubar dalma ce, maƙabartar ƙauyen ta cika da ƙananan kaburbura. Tamu tana cikinsu.

Ranar gaisuwa aka ɗauko Inna da ƙafarta a kumbure, tana kuka kamar ranta zai fita. Yaya kuwa sai kai da kawowa take, tana ɗebo wa mutane ruwa, tana gyara shimfiɗa. In an ce mata ya haƙuri, sai ta nuna Inna ta ce, "A yi mata, ɗiyatta ta." Ban ga ɗigon hawaye a idonta ba. Ni mutum ne mai saurin hawa, kowa a gidanmu ya san haka. Na fice ƙofar gida ina huci, ina cewa wace irin kunya ce wannan da ko mutuwa ba ta kwance ta. Kafin mu tafi na ja mijinta gefe na tura masa muryar daga wayata zuwa tasa ta bulutut. Ya saurara har inda ta yi kira, sai ya kashe ya jefa wayar a aljihu.

Bayan an gano abin da ke kashe yaran, masu aikin agaji suka buɗe wuraren jinya, suna neman wanda ya iya kwamfuta kuma yana jin maganar mutanen ƙauye. Aka ɗauke ni, aka tura ni Anka. Aikina shi ne shigar da sakamakon gwajin jini: lambar yaro, ƙauyensu, nauyinsa, yawan dalmar da ke jikinsa. In na gama in tura fayil ɗin zuwa babban ofis a wani gari. Sabis na wancan lokaci kuwa, Allah ya kyauta. Sai ka ɗaure modem, na'urar kamo intanet, a jikin taga da igiyar takalmi kana roƙon Allah. Fayil yakan yanke a hanya, ko ya isa a gurguje wani wuri ya ɓaci. In ya ƙi buɗewa da sauƙi, an san ya lalace. Abin tsoron shi ne wanda zai buɗe lafiya lau alhali an sami tangarɗa a ciki, domin da waɗannan alƙaluma ake auna maganin da za a ba ɗan mutum.

Shugabarmu a ɓangaren kwamfuta wata mata ce daga Filato, marar yawan magana, Hausarta irin ta Jos. Ita ta sa mini wata 'yar manhaja. Ƙarama ce, babu ado, babu hoto. Ka jawo fayil ka jefa mata, ta bi shi tun daga farko har ƙarshe, ta yi lissafinta, ta fito maka da layi ɗaya: haruffa da lambobi talatin da biyu a cakuɗe, babu ma'anar komai. Su cekisam suke ce masa. Mu muka raɗa masa lambar shaida.

Na dubi layin na ce, "Madam, wannan me zai tsinana mana?"

Ta sa na buɗe wani fayil na rubutu zalla na goge ɗigo ɗaya tak, na sake jefawa. Layin ya sauya gaba ɗaya, ba harafi ɗaya ko biyu ba, kamar shi da na farko ba su taɓa haɗa hanya ba. Ta sa na mayar da ɗigon. Layin farko ya dawo daram. Ta sa na canza wa fayil ɗin suna, na sake jefawa, layin ko motsi bai yi ba.

"Ba ruwanta da suna," in ji ta. "Abin da ke ciki take dubawa. Ka fitar da lamba kafin ka tura, wanda ya karɓa shi ma ya fitar. In sun dace, abin da ka tura shi ya isa."

Manhajar tana da wani gurbi da za ka liƙa tsohuwar lamba, ta gwada da sabuwa. In sun dace wurin ya yi kore, in sun saɓa ya yi ja. Amma da yake sabis ba ya da tabbas, sau da yawa ta waya muke yi: ni in karanta tawa, na can ofis ya bi tasa da ido. Haruffan daga A zuwa F ne kawai, amma B da D da E suna rikicewa a kunne, sai muka nemo musu iyaye. A ta Anka, B ta Bukkuyum, C ta ciyawa, D ta dalma, F ta fadama. E dai ba mu samo mata kowa ba, sai a ja ta da ƙarfi. Wanda ya wuce ta bakin tagarmu ya ji ni ina ihu, "Bakwai, ciyawa, ciyawa, tara, dalma!" zai ɗauka na taɓu.

Abin bai zo mini baƙo ba. Babanmu, Allah ya jiƙansa, malamin allo ne, kuma yana kwafar littattafai da hannu. In ya gama, ba ya yarda littafi ya bar gidan sai an yi bita: ɗaya ya riƙe na asali yana karantawa, ɗaya ya bi kwafin da yatsa, wasali ɗaya ya kauce a tsaya. Cikinmu duka Yaya ya fi sa wa ta bi masa, don idonta ba ya tsallake komai. Ni kuwa in aka ba ni, kafin a yi shafi biyu na fara gyangyaɗi.

Ranar da abin ya zauna mini a kai, da aka tashi cin abincin rana, na zare katin tsohuwar wayata, wanda a kansa aka ɗauki muryar, na jefa wa manhajar fayil ɗin. Ta ba ni lambarsa. Na haɗa muryar da lambar na aika wa kaina ta imel. Kullum ina ganin ana shigo da yara a goye, wasu su koma da ƙafarsu, wasu a naɗe. Ina son in riƙe abu ɗaya a duniya da zan iya dafa Alƙur'ani in ce bai canza ba.

Aikin ya ƙare, kowa ya kama gabansa. Na yi aure, na buɗe shago a Gummi kusa da kasuwa, ina buga takardu, ina wankin hoto, ina tura karatu da waƙoƙi a kati. Halin nan ya biyo ni. Duk aikin da na adana wa mutum sai na fitar masa da lamba. Abokan sana'a suna yi mini dariya, wai ina auna ruwan gulbi da cokali. Su yi ta yi. Mutum zai zo da filasha cike da bairos, cutar kwamfuta, ya ce kwamfutarka ta cinye mini aiki, in buɗe in nuna masa lamba ta yau da ta ranar da ya kawo. Ba ya ganewa, amma yakan rage murya.

Muryar kuwa ban ƙara kunna ta ba. Na san tana nan, wannan ya ishe ni.

Inna ta rasu wajen ƙarshen waɗancan shekaru, lokacin da hanyar Zugu ta zama abin tsoro saboda 'yan bindiga, mutum ba ya hawa mashin sai ya tambayi labarin hanya. Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki sai ga Yaya a Gummi, wai ta zo ganin likita. Ta sauka gidana. Ta haifi wasu 'ya'yan bayan waccan, ta manyanta, ta rame, amma zaman nan nata na miƙe da baya yana nan. Ban ga ta nufi asibiti ba, ban kuma tambaya ba.

Da la'asar matata ta shiga maƙwabta kitso. Muna zaune a inuwar rumfa, sai Yaya ta kwance bakin mayafinta ta fito da wani ƙullin leda. A ciki akwai ɗan katin waya, bai kai farcen yatsa ba.

"Auta, na'urar taka tana nan gida?"

Na ce tana nan.

"Abin nan da ka ba maigidan ranar gaisuwa." Ta dubi ƙasa. "Na waccan."

Tun da aka binne yarinyar ban taɓa jin ta tayar da zancen ba, ko da kuskure.

Ta ba ni labari a hankali, ba ta kallona. Ashe tun da aka watse daga zaman makoki take sauraren abin. In maigidan ya tafi masallaci ya bar wayar, sai ta ɗauka ta shige ɗaki, ta danne lasifikar da zane don kada a ji. Daga baya ya gane. Sai ya sayi wata wayar ya bar mata tsohuwar a kan gado. Wayar ta mutu, aka cire katin. Katin ya cika, aka kai wa masu tura waƙa a kasuwa suka juye a wani. Wancan ya faɗa ruwan wanki, aka karɓo daga wayar ƙanen miji, wanda shi ma wani ne ya tura masa. Hannu dai ya yi yawa.

"Sun ɓata shi, Auta. Sun yanke mashi ƙarshe."

"Mi anka yanke, Yaya?"

"Dariyar. Bayan ta ce ban amsa ba, sai ta yi dariya. Irin dariyar nan tata har da shaƙewa. Da kunnena na ji, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yanzu in ta hwaɗi maganar sai abin shi tsaya ɗif." Ta tura mini katin. "Na asali nike so, mai dariyar. Da Inna na da rai ba ni iya buɗa baki in tambaye ka."

Na fahimci abin da ta sha hanya mai haɗari ta zo nema. In yarinyar ta yi dariya, to wasa ne, ba ta riƙe kowa a rai ba. In ba ta yi ba, to ta kira uwarta ta jira, ba a amsa ba, ta faɗa da gaske.

Na laluba kaina ban sami komai ba. Ina tuna akuyar, ina tuna nauyin yarinyar a ƙafata, amma ko ta yi dariya ko ba ta yi ba, wallahi ban riƙe ba. Na ce a raina abu ne mai yiwuwa. Masu tura waƙa ɓarna ce sana'arsu, na san su, cikinsu nake. Sukan juya murya zuwa wani nau'in don ta kunnu a kowace waya, su datse kai su datse gindi, ko a jikinsu. Na ɗauko laftof ina addu'a Allah ya sa sun yi halin nasu.

Na shiga imel, na sauko da na asali, na kunna. Waƙar akuya, muryata ta samartaka, kira, shiru, maganar nan. Sai ɗif. Babu dariya.

Yaya ta girgiza kai. "Naka ma an taɓa shi. Shekara nawa yana kwance cikin na'ura? Komi yana tsuhwa, Auta. Kaset ɗin Baba ba ka ga yadda sunka koma ba?"

Na so in yi shiru in bar ta a haka. Amma bakina ya riga ni. Na gaya mata zancen lambar shaida, yadda na fitar da ita a Anka daga ainihin katin da aka yi ɗaukar a kansa, da yadda ɗigo ɗaya in ya ɓace layin duka ke sauyawa, bare dariya guda. Ina faɗa ina jin kamar in mari kaina.

"Nuna mani," ta ce.

Na sa katinta a laftof. Fayil ɗin yana can tsakanin waƙoƙin biki da wa'azi, an sa masa wani suna na shirme da ba ni na sa ba. Na jefa wa manhajar, ta fitar da layi. Na ce mata yanzu zan liƙa tsohuwar lambar a wannan gurbi, in ya yi kore ɗaya suke, in ya yi ja an taɓa.

Ta riƙe mini hannu. "Launi ba shaida ba na. Yi mani yadda Baba kan yi. Kai ka riƙe ta asali ka karanta, ni in bi wagga."

Yaya ta yi firamare kafin aure, ta san haruffan boko sarai. Ta gyara zama, ta jawo laftof ɗin gabanta kamar allo, ta ɗora yatsa a farkon layin. Ni kuma na buɗe tsohon saƙon a wayata. Na fara karantawa.

Harafin farko ya dace. Na biyu ya dace. Na san aikin nan, na san in huɗun farko sun dace da wuya sauran su saɓa. Ban taɓa fatan a sami saɓani a rayuwata ba sai ranar. Kuma hanya a buɗe take: wayar tana hannuna, Yaya ba ta ganin abin da ke rubuce a kai. In na karanta harafi ɗaya ba daidai ba, ɗaya tak, za ta ce a tsaya, in ce kin gani, an taɓa, dariyar ta ɓace a hannun 'yan kasuwa. Ta ƙulle katinta ta koma gida da abin da ta zo da shi. Na ji harafin ƙaryar a kan harshena. Amma 'yar Baba ce ke bi na da yatsa, ni ma kuma ɗansa ne. In na yi mata haka, za ta ƙare rayuwarta tana bin wayoyin mutane tana neman abin da babu.

Na ci gaba. Ban san lokacin da tsohon sabo ya kwace mini baki ba, na ji kaina ina cewa, "Uku, fadama, takwas, dalma." Na tsaya cak, don sunan gubar da ta kashe yarinyar na faɗa a gabanta.

Yatsanta bai motsa daga kan harafin ba. "Ci gaba," ta ce.

Muka tafi a haka har ƙarshe. Yatsan ya sauka daga harafin ƙarshe ya tsaya a fili. Ta daɗe tana kallon wurin. Daga waje ana jin injin casar shinkafa, da wata mai tallar kifi.

"Babu saɓani," ta ce, da irin muryar da take faɗa wa Baba in an kai ƙarshen shafi.

Na ce, "Yaya, mai yiwuwa ta yi dariyar bayan na kashe wayar. Kin san ta, ba ta minti ba ta yi ba."

"Kak ka lallashe ni, Auta. In bayan ka kashe na, ni ina na ji ta?"

Ta ɗauke hannunta daga laftof ɗin ta ɗora a cinya.

"Ashe ni na sa mata ita," ta ce.

Sai ta yi maganar da ban taɓa jin irinta daga bakinta ba. Ta ce watannin nan da yarinyar ta yi a Yargalma, takan tsaya a bakin madafa ta ce Yaya, Yaya, surukar na zaune, matan gida na zaune, ita kuma ta ci gaba da tuƙin tuwo kamar ba ta ji ba. In ta kankare ƙanzo sai ta zuba a ɗan kwano ta ajiye a bayan randa, inda ta san yarinyar za ta gani. In an yanka kaza ta ɓoye mata hanta a nan. "Na ɗauka ta san ni ka ajewa," ta ce. "Na ce in ta girma za ta gane, kamar yadda na gane da Inna. Ranar da jikin ya tsananta ma ɗakin cike yake da mutane."

Tausayinta ya kama ni. Shekara da shekaru ina ɗauka matar nan dutse ce, ashe kowace rana tana shiga ɗaki ta danne lasifika da zane. Na ce mata abin da ake cewa, cewa yara 'yan aljanna ne, cewa haka kowace uwa ta yi a garinmu, ba ita ta fara ba. Ta bar ni na gama. Na san ba ta ji ko ɗaya ba.

"Sake kunnawa," ta ce. "Kak ka rage mashi murya."

Na kunna, na ƙure ƙara. Waƙar akuyar ta cika tsakar gidan. Na ji kaina ina cewa gobe za ni Yargalma. Aka ji ƙarar ƙananan hannuwa suna kama waya.

"Yaya! Yaya!"

Shirun nan ya biyo baya, da taɓaryar Inna a cikinsa. Yaya ta sunkuya kusa da laftof ɗin, ta ce, "Na'am." Sannan ta kira sunan yarinyar, cikakke, da ƙarfi, yadda na tabbata har matan da ke kitso a maƙwabta sun ji. Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Hawaye na zuba har kan mayafinta, ba ta share ba. Ta sake cewa, "Na'am, ga ni."

Taɓaryar ta sauka sau ɗaya, ta sake sauka.

"Kawu, ba ta amsa ba."